Abin da Baba Tela Ya Ɓoye wa Surukarsa

Kwana huɗu da yi wa Baba Tela ƙarin ruwan maganin cutar kansa, wato ciwon daji, karo na biyu, cikinsa ya rikice. Da farko murɗa ce kawai, sai gudawa ta biyo baya, har ta kai ba ya gama ɗinke hannun riga ɗaya sai ya tashi daga kan keken ɗinki sau biyu. Bakinsa ma duk ya yi miki, ko ruwa da ƙyar yake wucewa.

A asibiti an ja masa kunne cewa duk abin da ya ji ya dawo. To amma ɗansa direban babbar mota ne, yana kan hanya, matar Baba kuma ta daɗe da rasuwa. Surukarsa ce kaɗai a gidan, ita ke masa girki, ita ke raka shi asibiti. Shi kuwa gara komai ya same shi da ya buɗe baki ya yi wa matar ɗansa zancen bayan gida.

Sai ya gaya wa amininsa mai gyaran agogo, wanda shagonsu ke manne da juna. Mutumin ko ɗago kai bai yi daga agogon da ke hannunsa ba, ya ce ai alheri ne, maganin ne ke wanko cutar, kada ma ya yawaita shan ruwa ya tsinka shi. Maganar ta yi wa Baba daɗi, don ta raba shi da jin nauyi.

Surukar ba ta karanci aikin likita ba, amma tana lura. Ta ga abinci na dawowa yadda ta kai shi, ruwan banɗaki da kan yi kwana biyu yana ƙarewa tun kafin yamma. A rana ta shida ta bi shi shago, ta tarar ya kifa kai a kan keke, leɓɓa sun bushe, jiki ya yi zafi zau. Ta durƙusa, idonta a ƙasa.

"Baba, ka yafe mini rashin kunya. Sau nawa ka zaga yau?"

Ya ce, "Na daina ƙirgawa, 'yar nan. Jiya har da jini."

Ba ta ƙara tambaya ba, ta fita ta tare mota.

Likitar da ta duba shi ta zaunar da su ta yi bayani. Ta ce maganin yana farautar ƙwayoyin jiki masu saurin yaɗuwa, kuma fatar cikin hanji haka take, shi ya sa yake ƙuje ta. Garkuwar jiki na ganin raunin sai ta taso da ƙarfinta, ta kawo kumburi, kumburin ya ƙara faɗaɗa mikin, har ƙwayoyin cuta suka sami hanya zuwa jini. Da ya zo tun ranar farko, mai yiwuwa ƙarin ruwa da magani sun wadatar. Yanzu hanjin ya huje.

Aka yi masa tiyata, aka yanke wajen da ya lalace. Sati uku yana kwance, maganin kansar kuma aka dakatar da shi har wata biyu, cutar ta sami sarari. Shagonsa bai sake buɗewa ba a shekarar.

Da ɗansa ya iso ya fara faɗan me ya sa aka yi shiru, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce shekara arba'in yana rage wa mutane tsawon wando, yau shi aka rage wa, kuma laifinsa ne. Sannan ya nuna surukar, wadda ke raɓe a bakin ƙofa da kwanon abinci.

"Je ka gode mata. Ba don ta ture kunya ta tambaye ni ba, da gaisuwar mutuwa ka tarar. Daga yau 'yata ce."

Jama'a, mai shan maganin cutar kansa idan ya ga gudawa, zazzaɓi ko jini, ya koma wajen likita a ranar, kada kunya ko shawarar bakin titi ta riƙe shi. Masu jinya kuma ku daure ku tambaya, ko da tambayar ta yi muku nauyi.