Sai-Kun-Zo da Akuya Mai Ƙaho Ɗaya

Wallahi da idona na gani! Waɗannan idanun da jikokina ke cewa sun mutu, ƙarya suke yi, a lokacin ko allura ce ta faɗi a bayan gari sai na hango ta. Ina jingine da shingen filin sukuwa ina shan rake aka yi abin nan. To kai da ka sami kujera kwanan nan har ka fara amsa gaisuwa da hanci, matso ka ji.

Wani dillalin albasa ne yake da doki, jinin na ƙetare, baƙi wuluk, dogo, ƙafafu kamar tabarya. Tun yana ɗan duƙushi uwarsa ta mutu, sai ya tashi a barga ɗaya da wata akuya mai ƙaho ɗaya, mummuna, ga wari. Tare suke cin dusa, tare suke kwana, in ƙuda ya dame ta shi ke kore mata da wutsiya. Da ya isa sukuwa kuwa, ai ba a magana. Ya ci Katsina, ya ci Zariya, ya tsallaka Maraɗi ya ci ya dawo. Yakan kai ƙarshen fili ya tsaya ya huce, mahayinsa ya sauka ya kurɓi ruwa, sannan sauran dawakin su iso suna haki. Shi ya sa aka laƙaba masa Sai-Kun-Zo. Amma duk garin da za a, in za a sa shi a babbar mota sai an cicciɓi akuyar nan an jefa ciki, in ba haka ba ba zai taka ba.

Da suna ya yi suna, manya suka fara zuwa ɗaukar hoto da dokin, sai akuya ta fara ba mai albasa kunya. Ko wane hoto aka wanko, ga ta nan a gefe tana tuƙa. Mai albasa yana da wani taubashi, shi ma mai doki, baki gare shi kamar reza, ko a masallaci suka haɗu sai ya ce, "Barka da asuba, Sarkin Awaki, ya amarya?" Ranar da abin ya ishe shi, mai albasa ya miƙe a gaban jama'a ya rantse: zai je Kano ya ɗauko babban kofi ba tare da akuya ba, in ya kasa a aske masa gashin baki. Kai, ka san gashin bakin nan kuwa? Murɗaɗɗe, kamar ƙahon ɓauna, turarensa daban, matajinsa daban. Ya fi son sa da buhun albasa dubu.

Aka ɗaure akuya a gida, ƙarti suka tura doki mota da ƙyar. A Kano aka zuba masa harawa ya kau da kai, aka jiƙa gero da kanwa ya shinshina ya bari, sai waige yake yana haniniya. Mai albasa ya san ciwon sarai, amma ya murɗa gashin baki ya ce wa mutane zumuɗin gudu ne. Ranar sukuwa aka saki dawaki, Sai-Kun-Zo ya fice kamar an harba kibiya, makaɗa suka ɗauka, mai albasa har ya fara gyara babbar riga don karɓar kofi. Ana kwanar ƙarshe, sai ga wani mahauci ya biyo ta bayan shinge da awakinsa zai kai kasuwa. Ɗaya ta ce, "Meee!" Shi ke nan. Doki ya ɗaga kunne, ya saki hanya, ya tsallake shinge, mahayi ya faɗa kan tulin harawa ƙafafu a sama. Doki ya bi awakin nan yana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya, ko tasa na ciki. Dokin taubashi, wani rago da bai taɓa cin ko tabarma ba, ya lallaɓo ya ɗauke kofi. Ashe taubashin tun daga gida ya taho da wanzami. Nan a filin aka zaunar da mai albasa, aka shafa sabulu, aka kwashe ƙahon ɓauna tas, leɓe ya fito fili kamar an fige kaza. Har ya isa gida hannunsa na kan baki. Doki kuwa yana ganin akuyarsa ya tusa kai a dusa kamar bai yi laifin komai ba.

Da shekara ta zagayo suka koma Kano. Akuya a gidan gaba kusa da direba, da baƙin tabarau a fuskarta, mai albasa a baya. Da hannunsa ya ja ta ya ɗaure a ƙarshen fili. Tana yin kuka ɗaya, Sai-Kun-Zo ya zo kamar iskar hadari, ya bar na biyu a nesa kamar ba tare aka sake su ba. Mai albasa ya karɓi kofi, ya cika shi da dusa, ya durƙusa ya ajiye mata a gaban manya da masu hoto. Taubashi ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Awaki!" Ya ce, "Amin, ɗan nema."

To, tabarau ɗin nan ni na ƙara mata a labari, kada in mutu da hakkin akuya. Amma aski an yi shi, kusa da ni kumfar ta faɗi. Saboda haka in ka koma kujerarka, ka duba wa ke tuƙa a gefen hotonka, don Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.