Daɗin da Ba Ya Kwana

Ta ajiye wa ƙanenta kwano biyu, soyayyen wagashi, wato cukun madara, da gayan tuwo, ta ce, "Zaɓi."

Ya zuba musu ido har abincin ya huce. Shi ne fa wanda a da yake shiga kasuwar shanu ta Djougou, da kallo ɗaya ya nuna bijimin da zai yi nama. Tun da ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, zaɓi ya gagare shi.

Jiya ma wagashin ya ci, har da suɗe yatsa. Amma likita a Parakou ya gaya mata cewa a wannan ciwon daɗi yakan zo, sai dai ba ya kwana, balle ya nuna wa mutum abin da zai nema gobe.

Ta gaji. Bara ne gajiyar ta sa ta daka masa tsawa, ranar da ya kai hannu ga wagashi ya kifar da kwanon. Ita har ta manta.

Ya ɗago ya dubi fuskarta, sannan ya jawo tuwon a hankali.

"Yaya, wannan ba zai ɓata miki rai ba, ko?"