Mai Tura Keke da Ledar Ƙarin Ruwa

Akwai wani mutum a wani ƙauye, bakinsa ya fi shi girma. Kullum a teburin mai shayi sai ya bugi ƙirji ya ce shi aikin nas a tafin hannunsa yake, ya yi shekaru a babban asibitin birni, babu allurar da bai gani ba, babu ciwon da bai shaƙi warinsa ba. Aiki kam ya yi a asibitin, ba ƙarya. Sai dai aikin nasa tura keken marasa lafiya ne daga bakin ƙofa zuwa ɗaki, wannan kuwa ko matarsa bai faɗa wa ba. To ƙauyen nas ɗaya gare su tal a ɗakin shan magani. Ita ce awon masu ciki, ita ce karɓar haihuwa, ita ce rigakafi da wankin ciwo, in ta zauna cin tuwo ba ta kai loma ta biyu sai an yi sallama. Ka kuwa san yanzu nas ta zama ruwan randa a watan azumi, birni na nema, ƙasashen waje na nema, wasu tun suna makaranta ake kama musu wuri. Ita ma aka yi mata tayin aiki a waje. Ta sami dagaci ta ce ba ta son barin garin, roƙonta dai a gyara rufin ɗakin da take kwana, kuma dattawa su tashi su je ƙaramar hukuma su nemo mata abokiyar aiki. Aka taru a ƙofar gidan dagaci, har an fara cewa wa zai kawo kwano wa zai kawo ƙusa, sai gogan naka ya miƙe ya gyara zaman hula. Ya ce ina dalilin wannan wahala, in ta ga dama ta tafi gobe, ai shi yana nan. Ɗan Adam kuwa in ka nuna masa hanyar da ba zai sha rana ba, ita zai bi. Aka watse, rufi na nan yadda yake. Kafin damina ta kankama nas ta ɗaure kayanta ta miƙa wa dagaci makulli, dagaci ya miƙa wa gogan.

Ya ɗan ci kasuwarsa. Mai ciwon kai farasitamol, mai ciwon gwiwa farasitamol, wanda aljani ya taɓa ma farasitamol. Sai wata ranar kasuwa, rana tsaka, aka shigo da ɗan wani manomi a kafaɗa, amai da gudawa sun tatse shi. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya a tsaye ba ta komawa. Wani direban a-kori-kura da ya kawo kaya ya ce a sa yaron a mota yanzu a yi birni, tun da sauran numfashi. Gogan ya tare ƙofa ya ce ƙarin ruwa ne kawai, wa zai kai wannan ɗan abu birni a yi wa gari dariya? Uban ya dubi mota, ya dubi ɗansa, ya kwantar da shi a gado. Kasuwa ta taso ta cika tagogi. Gogan ya ciro ledar ruwa daga cikin kayan da nas ta bari, ya kama hannun yaro yana laluben jijiya, jijiya kuwa ta gudu ta ɓuya, don jikin da ruwa ya ƙare masa ba ya nuna ta ga wanda bai iya ba. Ya soka nan bai samu ba, ya soka can bai samu ba. Gumi ya jiƙa masa riga har baya. Yaron tun yana ɗan motsi in an soke shi har ya daina. Da gogan ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya tura allura inda ta shiga, ya danne da filasta, ya yafa wa hannun zane, ya ce kada kowa ya taɓa, wurin ba ya son iska. Ruwa ya ƙi sauka, ya kama leda da hannu biyu yana matsawa. Na taga suka ga leda na raguwa suka fara “sannu likita, sannu likita.” Uwar yaron ce kaɗai ba ta ce sannu ba, don ita fuskar ɗanta take kallo, kuma numfashin sai ƙara nisa yake. Ta kai hannu ta yaye zanen. Hannun ya kumbura kamar gora, yana sheƙi, sanyi ƙalau. Duk ruwan nan ƙarƙashin fata ya taru, ko ɗigo bai shiga jini ba.

Uban bai tsaya magana ba, ya fizge allurar ya sungumi ɗansa ya yi wajen mota da gudu, direba na faɗin Allah ya sa ba mu makara ba. Ashe dagaci ma yana cikin taron. Dagaci ya matso ya ce, “Tsakaninka da Allah, ka taɓa sa wa mutum ruwa?” Gogan ya dubi tagogi, babu wadda ba ta cika da kawuna ba, mai shayinsa ma yana ciki. Ya ce, “Ranka ya daɗe, sawa dai ban taɓa ba, amma na sha riƙe musu leda.” Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya yi dariya, kallonsa kawai ake yi yana tsaye da ledar a hannu, bututu na ɗiga a kan takalminsa. Shi ya sa Hausawa ke cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.