Mai Tantabaru da Ɗan Farinsa

Sagiru, ni za ka kunyata a gaban mata? Ni kawunka, da na sha karin hula na fesa turare na zo sunan ɗanka, aka sallame ni da wuyan rago kamar wani ɗan rakiya, na haƙura. Na miƙo maka jaririn na ce riƙe min in gyara zaman hulata. Ba karkacewa ta yi ba, tawa ba ta karkacewa, hannunka nake son gani. Sai ka noƙe, ka sunkuyar da kai, wai ɗan fari ne, kunya kake ji. To zauna in ba ka misali kyauta, ko da yake irina ba a saba jin bakinsu a banza ba.

An yi wani mutum mai kiwon tantabaru da ya bar ƙauyensu ya kama haya a birni, daga shi sai matarsa. Allah ya ba su ɗan fari namiji. Su kuwa mutanen kunya ne na asali. Ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa, uwar tana ba shi nono fuskarta na kallon bango. Haka aka yi musu a gida, kuma ba su lalace ba. Abin da suka manta shi ne, a gida in uwa ta kau da kai akwai kaka da za ta sure yaro ta yi masa rawa a cinya, ta kira shi mijinta, ta ce marowaci ne bai kawo cefane ba, har ya ƙyalƙyale da dariya. Al'adar nan ƙafa biyu gare ta, su kuwa da ɗaya suka taho birni. Babu suruki ko ɗaya a gidan hayar, amma suna ta jin kunyar bango da ƙyaure. Jariri ya yi gwaranci ya kalli fuskar uwar, shiru. Ya miƙa hannu in uban ya shigo, uban ya wuce shi ya nufi ɗakin tantabaru. A can ne bakinsa yake buɗewa. Kowace da sunanta, yana yi musu fito, yana lallashin wadda ta ƙi cin dawa, yana tambayarta me ya same ta. Yaro ya yi kuka, ya yi kuka, ran nan sai ya daina. Maƙwabta suka ce kai, wannan yaro da haƙuri yake, kamar babu jariri a gidan. Iyayen suka ji daɗi, suka ɗauka tarbiyya ce ta kama.

Yaron bai isa shiga makaranta ba ya taka tsohuwar ƙusa a bayan gida. Bai yi kuka ba, bai faɗa wa kowa ba. Wa zai faɗa wa? Tun yana zanin goyo ya gane cewa kira ba ya kawo kowa. Ya sami tsumma ya naɗe ƙafar, ya riƙa raɓewa a bayan randa. Sai da ta kumbura ta fara wari sannan uwar ta lura. A asibiti aka ceto ƙafar, amma babban yatsa ya tafi. Matar da ke wanke ciwon ta ce ita dai ba ta taɓa ganin yaron da ake goge wa irin wannan miki yana kallon sama ko ƙwalla babu ba. Daga ranar uban ya ajiye kunya. Ya sayo alewa, ya sayo motar roba, ya tsuguna a gaban yaron ya kira sunansa. Yaron ya waiga bayansa ya ga ko da wani ake. Ya karɓi alewar da hannu biyu, ya rusuna ya yi godiya, ya ɗingisa ya koma lungunsa. Haka ya girma, mai ladabi, mai biyayya, babu aboki, babu wanda ya san abin da ke cikinsa. Da uban ya tsufa ido ya tafi, ɗan bai rage shi da komai ba: hatsi, magani, sabuwar riga ranar salla. Yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe shi. Wata rana tsoho ya matsa a kan tabarma ya ce, "Shigo mana ka zauna, mu ɗan taɓa hira." Ɗan ya daɗe a tsaye. Ba ƙeta ba ce, lalube yake yi a zuciyarsa ko zai sami abin faɗa, bai samu ba. Can sai ya ce, "Baba, akwai abin da ya ƙare ne in sayo?"

To Sagiru, kunya ado ce, ni ma da ka gan ni ina da ita, ko da yake ba ta cika samun masauki a fuskata ba. Amma kakar yaron nan gobe za ta hau mota ta koma ƙauye, ku kuna nan. Ɓoye sunansa a gaban surukai in ka ga dama. In kun shiga ɗaki kuwa ka dube shi cikin ido, in ya yi gwaranci ka amsa masa, in ya yi kuka ka je. Yanzu lakar tana da danshi, duk abin da ka sa mata zai zauna. Hausawa dai sun gama magana da suka ce, tun ran gini ran zane.