Maijego a Gidan Mai Turare

Ke da kike son koyon tausar masu jego, ga misali. An yi wata tsohuwa mai tausa, shekara talatin hannunta na kan bayan mata, kuma tana ji da hannun nan nata ba kaɗan ba. Aka kira ta gidan wani mai shagon turare da matarsa ta yi haihuwar fari. Maigida ya aiko da faranti cike da kwalaben turare, don a san gidan wa aka shigo. Tsohuwa ta shinshina, ta zaɓi guda mai sanyin ƙamshi, ta ɗiga ɗigo biyu kacal a cikin man kaɗe. Ta shafa kaɗan a damtsen maijego, ta jira ta ga fata ba ta yi ƙaiƙayi ba, sannan ta murza kafaɗu da gadon baya da ƙafafu har baiwar Allah ta yi barci. Ƙirji kuwa ko kusa da shi ba ta je ba. Ƙanwar miji ta taɓe baki, wai matar mai turare guda a bar ta tana ƙarnin nono, ga suna gobe? Aka sallami tsohuwa. Abin ya yi mata ciwo, ta kama hanyar gida.

Ranar suna ƙanwar ta mulke maijego da humra tun daga wuya har ƙirji. 'Yan barka na ta yabo, jariri dai ya ce bai san zancen ba. A kai masa nono ya kau da kai ya tsala ihu. Tun hantsi har la'asar bai tsotsa ba, muryarsa ta dushe, nono ya cika ya yi tauri, uwa ma kuka take. Maigida da kansa ya je ya durƙusa wa tsohuwa. Ta so ta ja aji, sai ta tuna cikin jariri ba ya jira. Ta zo ta wanke ƙirjin tas da ruwan ɗumi, ta sa wa maijego rigarta ta jiya da ba a wanke ba, ta ɗora mata yaron. Ya shinshina, ya yi tsit, ya cafke. Tsohuwa ta dubi maigida ta ce, "Alhaji, duk shagonka babu ƙamshin da yaron nan ya sani. Uwarsa yake nema." Ta fita tana taku ɗai-ɗai, kuma wallahi ta isa.

Ai ba a banza Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani ba.