Telan da Ya Ƙi Jiran Kwamfutarsa

Kai mai yawan cewa ba ka da lokacin jira, ja kujera ka zauna, misalin nan naka ne.

An yi wani tela a bakin kasuwa, mai aikin surfani na inji, irin wanda ake ɗora wa zane daga kwamfuta. Abu guda yake taƙama da shi a duniya: bai taɓa saɓa alkawari ba. Ka san kuwa tela mai cika alkawari, ai abin a yi gayya ne a zo kallo. Duk zanen da yake cin abinci da shi yana cikin wata tsohuwar laftof da ya saya ta hannu, an ɗaure murfinta da salatif, batirinta ya mutu tuntuni, a jikin caja take rayuwa kamar majinyaci da ƙarin ruwa. Kullum da safe in ya kunna ta, sai wasu 'yan ɗigo su yi ta zagaye a fuskarta, ta rubuto da Turanci wai tana sabunta manhajarta, a yi haƙuri kada a kashe. Gogan naka kuwa ko shayi ba ya jira ya huce. Sai ya ce, "Ni na saye ki ko ke kika saye ni?" Ya ɗora babban yatsa a kan madannin kunnawa, ya danne har ta ɗauke numfashi. In ya sake kunnawa, sai ta ce sabuntawa ta gaza, tana warware abin da ta fara, ta ɗan yi nishi, ta buɗe. Shi ke nan ya ɗauka ya gano lagonta. Har maƙwabta yake koya wa, wai na'ura kamar jaki take, in ka sakar mata fuska ta raina ka. Bai taɓa tunanin cewa shi kansa, in aka fizge riga daga ƙarƙashin allurarsa ana tsakiyar ɗinki, dole ya farke ya faro daga fari ba. Washegari laftof ta sake farowa, ya sake shaƙe ta. Aikin da ba a gama ba yana ta taruwa, warwarar kullum tana ƙara tsawo, shi ko a jikinsa.

Ana nan, sai wani ango ya kawo masa shadda mai tsada, babbar riga yake so da aiki har ciki, ɗaurin aure ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tela ya bugi ƙirji. Ya yanka, ya haɗa, saura surfani kawai. Ranar Alhamis ya kunna laftof, ta ce a jira, ya shaƙe ta yadda ya saba. Ta tashi ta ce tana warwara. Ta mutu da kanta, ta tashi ta ce tana sabuntawa, ta sake mutuwa, haka ta yi ta yi kamar akuya tana zagaye turke. Ya zare caja ya mayar. Ya kifa ta ya bubbuga bayanta kamar wanda ƙayar kifi ta maƙale wa. Da ya ji fankarta na gurnani, sai ya ɗauko man keken ɗinki ya ɗiɗɗiga mata a ramukan gefe, don duk abin da ya taɓa yi masa gardama a shagon nan da mai ya lallashe shi. Shago ya ɗauki ƙauri. Ango ya kira a waya, ya ce, "Maigida, ina fata dai lafiya?" Tela ya ce, "Ango, je ka yi aski abinka, riga kamar a jikinka take."

Da hantsin Juma'a ya rungumi laftof sai rumfar mai gyara. Mai gyara ya kwance ta, ya ga mai, ya ɗago ya dube shi ya ce, "Malam, soya ta za ka yi?" Ya goge ta tas, ya jona mata wuta, ya kunna, ya koma kan ƙosansa. 'Yan ɗigo suka fara zagaye. Yatsan tela ya kama hanyar madanni shi kaɗai, mai gyara ya make hannun ya ce, "Aikin wata da watanni ka hana ta, yau sai ta gama shi duka. Da tun farko kana ƙyale ta, kafin ka share shago ta gama." Tela ya zauna a kan tafukansa don kada su ci amanarsa. Rana ta take, ladan ya yi kira, ɗigo na zagaye. Tela ya tafi masallaci, ya yi sallar da Allah kaɗai ya san inda hankalinsa yake. Ana sallamewa aka ce a tsaya akwai ɗaurin aure. Sai ga ango a cikin rigar aro ta kawunsa, kawun kuma gajere ne, riga ta tsaya a gwiwa, abokai na ta gyara masa ita suna danne dariya. Ango bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Hango tela kawai ya yi a cikin sahu, ya miƙa yatsa a gaban rabin mutanen garin ya ce, "Ga telan nan."

Ko da tela ya koma rumfar mai gyara, ya tarar da laftof a buɗe, fuskarta fes, tana yi masa maraba, tana sanar da shi wai komai ya sabunta lafiya.

To, ka ji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.