Mai Yi masa Bayani

Wani dattijo yana jiran layin waya, masu sauraro suna ta yi wa ƙarshen wasan rediyon ca. Wani daga Babura ya ce shirme ne, ina injin niƙa ya taɓa haɗiye mace ya tofar da ita a duniyar wata?

Sai layinsa ya shiga daga Gwiwa.

"Ni ban gane komai ba. Mai ɗakina ce ke yi mini bayani. Matar nan ta dawo wa mijinta ko kuwa?"

"Baba, ai sai ka tambayi Hajiya," in ji mai gabatarwa, yana dariya.

Ya kashe wayar. Rediyon na nan inda mai ɗakin nasa ta saba ajiye shi, yana fuskantar tabarmarta da aka naɗe tun ranar sadakar ukunta.